Fitila ɗaya, ido ashirin

Ƙarfe biyu na dare ne, zauren wasa babu kowa, mawaƙa sun tafi masauki. Mutum biyu ne suka rage a tsakiyar kujeru, bayan wani tebur mai alluna da maɓallai barkatai. Na farko shi ne mai fasalin haske, wanda ya san abin da yake so idon ɗan kallo ya gani gobe. Na biyu mai tsarawa ne, wanda aikinsa shi ne ya mayar da wannan buri lambobin da na'ura za ta gane. Awa huɗu ke hannunsu kafin a rufe zauren, ga waƙoƙi goma sha takwas da ba a taɓa ba.

Mai fasali ya nuna wasu dogayen fitilu goma sha biyu da aka jera a bayan dandamali, kowacce kamar sanda, ya ce yana son shuɗin haske ya taso daga hagu ya gangara dama a hankali, kamar ruwan da aka sako wa gonar rani. Faɗin wannan bai ci daƙiƙa goma ba. Aiwatar da shi kuwa yana iya cin minti biyu, yana iya cin minti arba'in, kuma ƙwarewar mai tsarawa kaɗai ba ta yanke wannan hukunci. Kowace sanda tana da ido ashirin, kowane ido yana iya kunnuwa shi kaɗai da launinsa. Idanu 240 ke nan. Abin da zai raba gardama shi ne ko manhajar da ke cikin teburin ta san cewa idanun nan ashirin jiki ɗaya ne, ta kuma san wanne ke kusa da wanne.

Fitila mai ƙwai da yawa tsohuwar aba ce a gidajen wasa. Tun kafin kwamfuta akwai dogon akwatin da ake shimfiɗawa a gaban dandamali ko a rataya a sama, ƙwayaye a jere, an haɗa su layi uku ko huɗu: ja, kore, shuɗi, wani lokaci da fari. Masu shirya fim a Amurka suna da fitilun kamfanin Mole-Richardson masu ƙwai tara a fuska ɗaya. Masu kiɗan zamani sun aro dabarar suka yi fitilun da ake haska 'yan kallo da su a fuska, masu ƙwai huɗu ko takwas. Babu wanda waɗannan suka ɗaure wa kai, domin kowane layi waya ce guda da ke zuwa ga na'urar rage haske guda, mai tebur kuma yana da hannu guda da zai ja. Lokacin da Fred Bentham na kamfanin Strand ya ƙera teburinsa a Landan a 1935, daga jikin molon coci irin na gidajen silima ya ɗauko siffarsa, yana taɓa haske da yatsu da ƙafa yadda makaɗi ke taɓa sauti. Ko a 1975, da kwamfuta ta fara riƙe hasken wani wasa a Broadway ta birnin New York, wato A Chorus Line, tambaya ɗaya take amsawa a kan kowane layi: nawa ne ƙarfin haskensa?

A kan wannan tambaya aka gina harshen da tebur da fitila suke magana da shi har yau. Sunansa DMX512, ƙungiyar masu fasahar gidajen wasa ta Amurka, USITT, ta fitar da shi a 1986. Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai. Waya ɗaya tana ɗauke da gurabu 512 a jere, kowane gurbi lamba ce daga 0 zuwa 255, ana maimaita jerin kamar sau 44 a daƙiƙa. Masu sana'ar suna kiran waɗannan gurabu 512 "duniya" guda. Saƙon ba ya faɗin abin da gurbi yake nufi. Bai san ja ba, bai san juyawa ba, bai san cewa gurbi na 17 da na 18 na fitila ɗaya ne ba. Lambobi ne kawai ke wucewa kamar taragon jirgin ƙasa marasa rubutu a jiki, kowace fitila tana ƙirga nata tana kwashewa daga inda aka ce ta fara.

Fitilu masu motsi sun riga wannan harshe zuwa. A 1981 ƙungiyar Genesis ta hau dandamali a Barcelona da fitilun Vari-Lite masu juya kai da canza launi da kansu. Da irinsu suka yawaita suka koma amfani da DMX, fitila ɗaya ta riƙa cin gurabu goma sha, ashirin, talatin. Nan masu rubuta manhaja suka yi aikin da ya dace. Teburori irin Wholehog, wanda ya fito daga Ingila a 1992, sun yaɗa tunanin cewa mai tsarawa ya daina ganin gurabu. Ya kira fitila da lambarta, ya ce ta juya, ya ce ta yi ja, manhaja ta duba wani fayil da ke bayyana halin wannan fitila ta san gurbin da za ta taɓa. Sai dai tunanin ya zo da wani zato a ɓoye: kowace fitila tana da ƙarfin haske ɗaya, launi ɗaya, fuska ɗaya. Jeri ɗaya a allo, kamar suna ɗaya a rajistar makaranta.

Ƙwan LED ne ya rushe wannan zato. Da aka samu shuɗinsa mai haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura lambar Nobel a 2014, sai ya yiwu a cusa ja da kore da shuɗi, daga baya da fari, cikin ido ɗaya da bai wuce girman tafin hannu ba. Masu ƙera fitilu suka ga babu dalilin da zai hana kowane ido zaman kansa. Kamfanin Clay Paky na Italiya ya fitar da B-EYE K20 a 2013: kai ɗaya mai juyawa, ido 37 a fuska. Launi huɗu sau 37 gurabu 148 ke nan, ban da na juyawa da faɗaɗa haske da sauransu. A cikakken yanayinta, uku kacal ke shiga duniya guda. Sandunan nan goma sha biyu na zauren da aka fara da shi suna buƙatar gurabu 960 don launi kaɗai.

Yawan gurabu bai zama babbar matsala ba, domin an warware shi da wayar intanet. Art-Net da sACN suna ɗaukar duniyoyi masu yawa a waya guda. Inda aka maƙale shi ne a cikin kan manhaja, wadda ba ta da wurin ajiye abin da yake ɗaya kuma yake da yawa a lokaci guda.

Shekaru da dama masu tsarawa suna zaɓi tsakanin hanyoyi biyu, kowacce da ciwonta. Ta farko a shigar da sandar a matsayin fitila ɗaya mai dogon jerin siffofi: ja na ɗaya, kore na ɗaya, shuɗi na ɗaya, ja na biyu, haka har ja na ashirin. Fitilar tana da lamba ɗaya, ana kiranta cikin sauƙi, amma duk kayan aikin teburin sun mutu a kanta. Allon zaɓen launi ya san "ja", bai san "ja na sha bakwai" ba. Injin da ke gudanar da haske daga fitila zuwa fitila yana ganin abu ɗaya, don haka babu inda zai gudu. Hanya ta biyu a yanka sandar gunduwa-gunduwa: a shigar da jikinta a matsayin fitila ɗaya, kowane ido kuma fitila mai zaman kanta. Yanzu launi da gudu suna aiki, amma sanduna goma sha biyu sun zama fitilu 252, kowacce da lambar da mutum zai riƙe a ka. Ƙwararru sukan ƙirƙiri tsarin lamba na kansu, jiki 101, idanunsa 1101 zuwa 1120, su rubuta a takarda su manna a gefen tebur. Idan aka canza wa sanda ɗaya adireshi, sai an gyara wuri ashirin da ɗaya. Idan aka kuskure ɗaya, wani ido a wata kusurwa zai riƙa yin kore lokacin da duniya ta yi shuɗi, kuma ba za a gano shi ba sai ana tsakiyar waƙa.

Maganin da aka samu ɗigo ne. A teburin grandMA2 na kamfanin MA Lighting na Jamus, wanda ya fito a 2008, ana iya buga 101 a sami fitilar gaba ɗaya, a buga 101.7 a sami idonta na bakwai. ETC na Amurka, wanda teburinsa Eos ya cika gidajen wasan kwaikwayo, ya kawo irin wannan a manhajarsa ta 2.7 a 2018. Avolites da ChamSys na Ingila kowanne da nasa salon, kowanne da sunan da ya laƙaba wa idanun. Ma'anar dai ɗaya ce: uwa da 'ya'yanta, gida ɗaya a rajista, amma ana iya kiran kowane yaro da sunansa. Wanda bai taɓa zama bayan tebur ba zai yi mamakin yadda ɗigo ɗaya ya ɗauki shekaru. Dalilin shi ne a ƙarƙashinsa sai an sake ginin kusan komai: yadda ake zaɓa, yadda ake ajiya, yadda ake kwafa, yadda allo ke nunawa, kuma a yi hakan ba tare da an lalata tsofaffin fayilolin wasannin da ake ci gaba da nunawa kowane dare ba.

Ɗigon bai gama aikin ba, kuma a nan ne yawancin daren mai tsarawa ke salwanta har yanzu.

A fara da ƙarfin haske. A fitilu da yawa uwa tana da nata maɓallin haske, kowane ido ma yana da nasa, abin da ke fita kuma ninkin biyun ne. Uwa a rabi, ido a rabi, haske ya zama rubu'i. Uwa a sifili, ko an cika idanu duka, duhu ne. Sabon hannu yakan ɗaga idanu ya ga babu komai, ya tura yaro ya hau tsani duba waya, alhali wayar lafiyarta ƙalau. Wasu fitilun kuma idanunsu ba su da maɓallin haske sam, launuka ne kawai, sai manhaja ta ƙirƙiro musu na ƙarya ta riƙa rage launukan tare. Tambayar da kowane kamfani ya amsa daban ita ce: idan mutum ya ce "101 a cika", me yake nufi? Uwa kaɗai? Uwa da 'ya'ya? Amsar da ta fi hankali ita ce a bar idanu a buɗe tun asali, uwa ta zama ƙofa, ta yadda fitilar za ta yi halin fitila ta gari har sai an nemi fiye da haka. Amma duk amsar da aka zaɓa, allo ya kamata ya nuna dalilin duhu. Fitilar da aka ce tana kan ɗari bisa ɗari alhali ba ta haska komai, manhajar da ta nuna lambar ba tare da gargaɗi ba ta yi ƙarya, ko da lissafinta daidai ne.

Sai maganar tsari, wadda ta fi cin lokaci. Ruwan shuɗin da mai fasali ya nema yana buƙatar manhaja ta san cewa ido na ashirin na sandar farko maƙwabcin ido na ɗaya ne na sanda ta biyu. A takarda haka ne. A sama kuwa, ma'aikacin da ya rataya sanda ta bakwai ya juya ta don wayarta ta kai soket, idonta na ɗaya ya koma dama. Haske zai taho lafiya, ya isa nan ya yi tsalle ya dawo da baya, sannan ya ci gaba. Ko dai wani ya hau sama da tsakar dare ya shiga ƙaramin allon fitilar ya juya lissafinta, ko mai tsarawa ya sake zaɓen idanun ɗaya bayan ɗaya cikin tsarin da yake so ya ajiye su rukuni. Manhaja mai kyau tana da wuri ɗaya da za a gaya mata "wannan a juye take", daga nan kowane zango na wasan ya gyaru da kansa. Ga fitila mai zagayen fuska irin B-EYE abin ya fi haka wuya, domin idanun zobe-zobe ne. "Daga tsakiya zuwa waje", "zoben waje kaɗai", "kowane ido na uku" duk maganganu ne da bakin mai fasali ke furtawa cikin sauƙi, kuma kowannensu ya cancanci ya zama taɓawa biyu ko uku. Jerin lambobi ba ya ɗauke da zobe. Sai manhaja ta san siffar fuskar.

A nan ne aka fara gyara na gaskiya. A 2018 MA Lighting da kamfanin fitilu na Robe na ƙasar Czech da kamfanin manhajar zane na Vectorworks suka fito da GDTF, tsarin fayil ɗaya na bayyana fitila wanda kowane tebur zai iya karantawa, kuma hukumar ma'auni ta Jamus ta wallafa shi a 2020 da lambar DIN SPEC 15800. Abin da ya bambanta shi da tsofaffin fayiloli shi ne yana bayyana jikin fitilar kamar bishiya: ga gindi, ga wuya, ga kai, ga kowane ido da inda yake zaune. Teburin da ya karanta wannan yana iya zana idanun a allo yadda suke a zahiri, ya bar mai tsarawa ya ja yatsa a kansu. Idan aka haɗa da taswirar inda aka rataya kowace fitila, "daga hagu zuwa dama" ya zama umarni da na'ura ke ganewa kai tsaye. Sai dai fayil yana da kyau ne gwargwadon kulawar wanda ya rubuta shi, kuma ba kowane kamfani ke kula ba. Ido ɗaya da aka sa a gurbin da ba nasa ba ya isa ya ɓata tsarin duka.

Siffa tana da wani amfani da ba a gani sai an fita yawon wasa. An tsara komai a birni na farko da sanda mai ido ashirin. A birni na biyar kamfanin haya ba shi da ita, yana da mai ido goma sha biyu. Idan abin da teburin ya ajiye shi ne "ido na ɗaya kaza, ido na biyu kaza", to takwas daga ciki ba su da inda za su sauka, aikin mako guda ya karye. Idan kuwa abin da ya ajiye shi ne niyyar, wato shuɗi mai gangarawa daga wannan gefe zuwa wancan cikin daƙiƙa takwas, sai ya sake rabawa a kan idanun da ya tarar. Wannan ne ya sa sababbin teburori ke karkata ga ajiye umarni maimakon sakamako, kuma shi ne ya sa wasu ke ɗaukar idanun a matsayin ɗigogin hoto, su shimfiɗa bidiyo a kansu da manhajoji irin Madrix ko Resolume. Hanyar bidiyo tana da saurin ban mamaki, amma tana kwace iko daga hannun mai haske. Cewa "ido na bakwai kaɗai, a kan fuskar mai ganga" ya fi wuya a cikin hoto mai motsi.

Akwai gaskiyar da masu sayar da fitila ba sa son a faɗa: yawancin wasanni ba sa buƙatar kowane ido ya yi rawarsa daban. Daga kujera ta hamsin, idanu 240 masu walƙiya daban-daban sau da yawa hayaniya ce kawai. Shi ya sa fitilu irin B-EYE suke da taƙaitaccen yanayi na gurabu ashirin da 'yan kai, wasu kuma da zane-zanen da aka riga aka dafa a cikinsu. Mai tsarawa mai hankali yakan zaɓi wannan idan dare gajere ne. Abin takaicin shi ne sau da yawa gajiya da manhaja ce ke yi masa zaɓin. Ya san abin da zai yi kyau, ya lissafa maɓallan da zai danna kafin ya kai gare shi, ya haƙura.

Wanda ya halarci biki a manyan zaurukan taro na Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga ƙarshen wannan sarƙa. Sandunan LED masu ido takwas ko fiye, ƙirar China, sun yi araha, suna jikin bango da bayan kujerar amarya. Akwatin da aka saba sarrafa irinsu da shi a ƙananan wurare shi ne mai gurabu 192, wanda aka raba wa fitilu goma sha biyu, kowacce gurbi goma sha shida. Sanda mai ido takwas da launi uku tana buƙatar 24. Ba ta shiga maɓalli ɗaya, sai ta malala cikin na gaba, wasu idanunta a nan, wasu a can. Mai kula da ita ba shi da laifi idan ya mayar da ita yanayin bin sauti ya bar ta tana ƙyafta ido yadda ta ga dama, ko ana addu'a ko ana liƙi. An biya kuɗin ido takwas, ana amfani da ɗaya.

Mafita a wannan mataki tana cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. QLC+, manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke iya duba cikinta, tana barin mutum ya gaya mata waɗanne gurabu ne suka haɗu suka zama ido guda, ya jera idanun a kan raga, ya gudanar da launi a kansu. MagicQ ta ChamSys ma ana sauke ta kyauta. Dukansu suna buƙatar fayil ɗin da ke bayyana fitilar, kuma a nan ake cin tuntuɓe, domin fitilar da ba ta da sunan kamfani a jiki ba ta cikin ɗakin ajiyar kowa. Takardar da ta zo a kwalinta shafi ɗaya ce, wani lokaci ma jerin da ke ciki na wata fitilar ce daban. Sai mai tsarawa ya zauna da littafi da biro tun kafin baƙi su iso, ya ɗaga gurbi na ɗaya ya duba abin da ya kunnu ya rubuta, ya sauke, ya ɗaga na biyu, har ya kai na ashirin da huɗu, sannan ya fara gina fayil ɗin da hannunsa.